Ƙarangiya a Jinin Auta

A ɗakin gwajin jini na asibitin nan akwai wata doka da ba a rubuta ta a bango ba, amma har mai shara ta san ta: ba ka duba jinin gidanku. In na mahaifiyarka ne, ko na matarka, ko na ɗan da ka haifa, ka miƙa wa na kusa da kai, ka fita ka sha iska. Wadda ta kafa dokar ita ce matar da kowa ke kira Anti, har likitoci. Shekararta ashirin da huɗu tana sunkuye a kan madubin nan mai ƙara girman ƙwayoyin jini, kuma in ta kama wani yana leƙen jinin ɗan'uwansa a ɓoye, wankin babban bargo take yi masa a gaban kowa. To ita ɗin ce ta taka dokar wata Talata da safe, ta kuma taka ta da kyau.

Daga takalmi abin ya faro. Anti ta leƙa ɗakin 'yarta Auta don ta ce mata ruwan shayi ya tafasa, sai ta tarar da ita a bakin gado tana kokawa da takalmin aiki, ƙafa ta ƙi shiga. Auta shekararta goma sha tara, wata guda ke nan da ta fara aiki a wani shagon buga takardu. Tana ganin uwar ta yi maza ta saki siket ya rufe ƙafar, amma ta makara. Anti ta durƙusa, ta ɗage siket ɗin, ta danna babban yatsanta a kan idon sawun. Da ta ɗauke, gurbin yatsan ya zauna, bai tashi nan take ba.

"Tun yaushe?"

"Jiya ne kawai, Mama."

"Sa silifas. Tare za mu fita."

Shekara shida da suka wuce, da haka mahaifin Auta ya fara, ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Anti ce ta ɗebi jininsa tana yi masa tsiya wai gishiri ne ya yi masa yawa, ita ta shafa jinin a gilashi ta ɗora a madubi, ita ce kuma ta fara sanin ƙodarsa ta gaza tun likita bai buɗe baki ba. Wata goma sha ɗaya ya yi yana jinya. Bayan rasuwarsa ne ta kafa waccan doka.

Bari in gaya muku abin da ta gani a jininsa, don ku san abin da take tsoro. Jar ƙwayar jini in tana da lafiya kamar maɓallin riga take, zagayayya, tsakiyarta a ɗan lotse. Ba ta da ƙashi ko ɗaya. Fatarta kitse ce hawa biyu, siririya ƙwarai, a ƙarƙashinta kuma akwai wata raga ta furotin da ke riƙe mata siffa, shi ya sa take lanƙwashewa ta kutsa ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, ta fito ta koma yadda take. Amma fatar nan 'yar gata ce, ba ta son a canja mata ruwan da take iyo a ciki. In ƙoda ta gaza, dattin da ya kamata ya fita da fitsari ya taru a jini, sai hawan waje na fatar ya fi na ciki faɗi, ƙwayar ta tattare, ta fito da ƙayoyi ko ta ina kamar ƙarangiya. Irin waɗannan Anti ta gani a jinin mijinta.

Bakwai saura kwata suka isa asibitin, ba kowa a ɗakin gwaji. Anti ta kunna fitilu, ta zura farar riga, ta ɗaure hannun Auta ta ɗebi jini a 'yar kwalba. Sannan ta je ga tulun gilashin da ke kan tebur, inda ake ajiye ƙananan gilasan shafa jini, wankakku, an ɗauraye su sau uku an tsoma a barasar asibiti an busar. Da su ake duba jinin duk wanda ya shigo ɗakin nan, ita kanta dubbai ta yi aiki da su. Yau sai ta tsaya tana kallonsu a wulaƙance. Wannan da ɗan karce, wancan kamar da hazo. Na kowa da kowa ne, kuma jinin Auta ba na kowa da kowa ba ne.

Ta fasa sabon kwali ta zaro guda biyar. Su ma ba su cika mata ido ba, wai ko akwai maiƙon masana'anta a jikinsu. Ta kai su wurin wanki, ta barbaɗa garin sabulun da ake wanke kwalabe da shi, ta cuɗa su ɗaya bayan ɗaya har suna ƙara a yatsa. Famfon ɗakin kuwa, kamar kullum da sassafe, sai tsiyaya yake kamar ana roƙonsa. Ta tara su a ƙarƙashinsa sama-sama, ta goge da bandeji, ta jera. Sheƙi suke yi, ba ta taɓa ganin gilasai masu kyan waɗannan ba.

"Jeki zauna a benci a waje," ta ce da Auta.

Ta ɗiga jini a na farko, ta ja shi da gefen wani gilashin ya shimfiɗu siriri, ta jira ya bushe, ta zuba masa rini, ta ɗauraye. Ta ɗora a madubi, ta sa ido, ta murza har hoton ya fito.

Ƙarangiya ce daga wannan gefe zuwa wancan.

Ta ɗago kai ta dubi bango. Ta mayar da ido, ta matsar da gilashin hagu, ta matsar dama, ta yi sama, ta yi ƙasa. Ko'ina ƙayoyi. Ta ce a ranta ƙila shafin ne ya yi kauri. Ta ɗauki na biyu a cikin wankakkun nata ta sake, ya fito haka. Ta yi na uku, shi ma haka. Injin da ke auna dattin ƙoda yana kusurwa a rufe da mayafinsa, kwalbar jinin Auta na gabanta, minti ashirin kawai zai ba ta lamba. Ta kasa tashi ta kunna shi. Muddin ba lamba a takarda, tana iya cewa idonta ne ya tsufa.

A haka Dogo ya same ta. Dogo abokin aikinta ne shekara goma sha shida, ita ta koya masa riƙon allura, yanzu har furfura ta fara fito masa a gemu. Mutum ne mai sanyin jiki, in yana tafiya sai ka ɗauka ƙasa ce ke riƙe masa ƙafa, kuma ba ranar da Anti ba ta yi masa faɗa a kan haka. Ya shigo da sallama, ya rataye jakarsa, ya ga fitilar madubi a kunne, Anti kuma ta zuba hannuwa a cinya.

"Na ga Auta a waje," ya ce. "Anti, ba dai..."

"Kada ka fara mini."

Bai fara ba. Ya ja kujera, ya lanƙwashe dogon bayan nan nasa, ya sa ido a madubin. Ya daɗe yana yawo da gilashin. Ya cire ya sa na biyu, ya cire ya sa na uku. Anti na jin ƙarar agogon bango, tana jin kamar ta fizge shi daga kujerar.

"Duka ne," ya ce a ƙarshe. "Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsira ba."

"Ai ina da ido."

"Abin da ya tsaya mini ke nan. Ke kika koya mini cewa in ciwo ne, za ka ga masu ƙaya a gauraye da lafiyayyu, nan biyar, can goma. In ka ga kowace ƙwaya ta yi iri ɗaya tun daga farkon gilashi har ƙarshensa, kika ce in fara tuhumar hannuna."

Ran Anti ya ɓaci, kuma ta ji daɗin ɓacin ran, don ya fi tsoro sauƙin ɗauka. "Hannuna kake tuhuma? Kana ina na fara shafa jini? Sau uku na yi, Dogo. Uku."

"A wane gilashi?"

Ta nuna masa biyun da suka rage a kan bandeji, suna ta sheƙinsu. Ya dube su, ya dubi tulun na kullum da ke cike ba a taɓa shi ba, ya dubi fasasshen kwali, ya dubi gwangwanin garin sabulu a buɗe a bakin famfo. Ya ɗauki ƙaramar allura ya soki yatsansa, ya matso ɗigo guda a ɗaya daga cikin gilasan nata, ya ja shi, ya ajiye ya bushe. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauke kwalbar jinin Auta daga gabanta.

"Ajiye wannan," ta ce.

"Yau ba ke ce da ɗakin nan ba, Anti. Ke uwar mara lafiya ce. Da bin doka za a yi, da yanzu kina waje kina shan iska."

Ya yaye mayafin injin, ya kunna, ya sa kwalbar a abin juya jini don ruwan ya rabu da ƙwayoyin. Anti ba ta taɓa ganin yana aiki da sauri haka ba, kuma wannan ya ƙara tsorata ta. A waje mutane sun fara taruwa, ana jin tari da jan takalma. Auta ta turo ƙofa ta leƙo.

"Mama, zan makara fa."

"Koma ki zauna."

Dogo ya bi ta da wata 'yar roba mai murfi, ya yi mata bayani a hankali, ya nuna mata hanyar bayan gida. Da ya dawo, ya zuba wa gilashinsa rini, ya tsaya yana kallon agogo. Minti goman jiran rinin Anti ta yi su ne tana tsara yadda za ta gaya wa yarinyar. Ta tuna ɗakin wankin ƙoda da ke hawa na biyu, kujerunsa masu roba, da yadda mutum ke fitowa daga ciki jiki ba ƙwari. Ta ƙirga shekarun Auta, ta sake ƙirgawa, suna nan goma sha tara.

Dogo ya ɗora nasa jinin a madubi. Ya leƙa, ya gyara murya, ya ja da baya.

"To, Anti, sai ki fara yi mini addu'a. Ni ma tawa ƙodar ta tafi."

Ta ture shi ta sa ido. Jinin Dogo, mutumin da ko ciwon kai sai ya shekara bai yi ba, ƙarangiya ce zalla, irin ta Auta sak. Ta ɗago tana kallonsa, bakinta a buɗe. Ya ɗauki gilashi na biyar, ya ɗiga masa tataccen ruwa, ya yagi 'yar takardar gwajin kaifi irin na kanwa ya tsoma a ɗigon. Takardar ta rine shuɗiya a gaban idonta.

"Sabulu," Anti ta ce.

"Sabulu. Bai fita ba, kuma ina jin gilasan ba su gama bushewa ba kika shafa. Kaifinsa ne ya taɓa fatar ƙwayoyin suka tattare. Ko jinin jariri aka sa a nan, haka zai yi."

Abin da take koya wa masu sanin makamar aiki a makonsu na farko ke nan. Ita ce ke tsayawa a kansu tana cewa ɗauraya uku, ba biyu ba, in famfo ya ƙi a ɗebo tataccen ruwa. Da jinin wani bare ne, ko kallon sabon kwali ba za ta yi ba, a tulun na kullum za ta zaro, ta gama cikin kwata. Kuma da ta ga ƙayoyi sun cika gilashi haka, da tsaki za ta ja ta jefar da shi, ta sake a wani. Gata ta so ta yi wa 'yarta, gatan ya kusa kashe ta da tsoro.

Amma ba ta yarda ta saki numfashi ba tukuna. Gilashi ya yi ƙarya, gurbin yatsanta a ƙafar Auta kuwa gaskiya ne. Dogo ya san haka. Ya kira yarinyar, ya soki yatsanta da kansa, ya shafa a wani gilashi mai ɗan karce daga tulun na kowa da kowa. Yana jiran rini ya tsoma tsinken gwaji a fitsarin da ta kawo. Ƙoda mai lafiya rariya ce mai ƙananan ramuka, ruwa da datti su wuce, furotin kuwa ya yi girma, a jini yake zama. In rariyar ta lalace ne ake ganinsa a fitsari, tsinken ya koma kore. Ya ɗaga tsinken a gaban Anti. Yana nan da launinsa.

Injin ya yi ƙara ya turo takarda. Dogo ya yage, ya karanta, ya miƙa mata. Lambar tana tsakiyar inda ake so, ko kusa da baki ba ta je ba. Anti ta karanta sau uku, har da duba sunan da ke sama, wai ko na wani ne, alhali jini ɗaya tak aka sa a injin tun safe.

"Zo ki ga wannan kuma," ya ce daga wurin madubi.

Ta leƙa. Ga su nan zagayayyu, lotsattsun tsakiya, fatarsu sumul, sun bazu a filin gilashin kowacce da wurinta. Sun ɗan yi fari-fari, alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe, abin da 'yan mata da yawa ke fama da shi. Anti ta ce alhamdu lillahi, ta nemi kujera. Daɗin da ta ji ya fi ƙarfin murmushi, sai kawai ta rufe fuska da tafin hannu tana sauke numfashi.

"Wannan garin sabulun," Dogo ya ce yana rufe gwangwanin, "daga yau makullinsa a aljihuna yake."

"Ka yi mini shiru, ko in tuna maka ranar da ka rina gilashi ta baya."

Likitar da ke duba marasa lafiya na safe ba ta ɓata lokaci ba. Ta auna hawan jinin Auta, ta saurari ƙirjinta, ta duba takardun, ta danna ƙafar. Ta tambaye ta awa nawa take yi a tsaye a shago. Auta ta ce daga takwas zuwa shida, a gaban injin kwafi, kujera ɗaya ce kuma ta mai shagon ce. Likitar ta ce tsayuwar ce ke kumbura ƙafar, a kawo mata takalmin aikin ta gani wata rana, amma ta riga ta san irinsa. Ta rubuta ƙwayar ƙarin jini, ta ce ta riƙa zama ko na minti biyar duk awa, ta ɗora ƙafa a matashi in ta koma gida, ta dawo bayan sati biyu a sake dubawa.

Da suka fito, Anti ta ja ta zuwa ƙarshen bencin da ke ƙofar ɗakin gwaji. Layi ya kai har kwana, kowa riƙe da takardarsa. Ta zaunar da ita, ta zauna a gefenta.

"Yanzu gaya mini gaskiya. Tun yaushe?"

Auta ta dubi silifas ɗinta. "Sati biyu."

"Sati biyu muna kwana gida ɗaya."

"Shi ya sa nake sa dogon siket. Kullum da safe ina dannawa a bayan gida, ina ƙirga yadda yake daɗewa kafin ya tashi. Na san da abin da Baba ya fara, Mama. Kun ɗauka ni yarinya ce a lokacin, amma ina gani."

"To me ya hana ki gaya mini? Ni da nake aikin nan?"

"Don kina aikin ne. Na san ba za ki ba kowa ba, da kanki za ki duba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ina ta neman ranar da ba kya aiki in zo wurin Kawu Dogo. Ban so a ce sau biyu ke kika fara gani."

Sati biyu yarinyar nan na ɗauke da mutuwarta a cikin siket, tana dafa shayi, tana gaishe ta da dariya, duk don kada uwarta ta sake sa ido a madubi ta ga abin da ta taɓa gani. Hawayen da ba su zo ba a gaban ƙarangiya, ba su zo ba a gaban lamba, yanzu suka zo, a gaban layin mutane.

Ta sunkuya ta ɗago ƙafafun Auta duka biyu, ta zare silifas, ta ɗora su a cinyarta a kan farar rigar aiki.

"Mama, mutane na kallo."

"Likita ta ce ki ɗaga ƙafa."

Dogo ya leƙo daga ƙofa, ya gan su, ya karɓi takardar mutumin farko a layi ya ce ya shigo. Anti ba ta ko ɗago kai ba. Tana matsa idon sawun a hankali da tafin hannu, daga ƙasa zuwa sama.